Soson miyut na Rickenbacker 4001 ya ruɓe, noti ɗaya ya kafe: ta ina zan fara?

Mai Tsirkiya Huɗu:

Assalamu alaikum masu sana'a, barkanmu da aiki.

Akwai jitar bes Rickenbacker 4001 a hannuna. Lambar da ke jikin farantin da ake soka wayar amfilifaya ta fara da harafin P, wato ƙirar 1976 ke nan. Wuyanta lafiya lau, fikof biyun, wato na'urorin da ke ɗaukar sautin tsirkiyoyi, duk suna magana. Damuwata tana wajen miyut, sandar ƙarfen nan mai soso da ke kwance ƙarƙashin tsirkiyoyi a gaban jaki (ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a gindin jita), wadda ake ɗagowa da noti biyu na murzawa da yatsa idan ana son sauti ya fita gajere ba tare da jan amo ba.

Ga halin da ake ciki. Soson ya mutu: gefe da gefe ya zama gari, tsakiyarsa kuma ta narke ta koma baƙin danƙo mai kama yatsa. Notin ɓangaren G (tsirkiyoyin huɗu, daga mai kauri zuwa siririya, su ne E, A, D da G) yana juyawa amma sako-sako yake, da an daki tsirkiyar E sai a ji yana kaɗawa. Na ɓangaren E kuwa ya ƙi motsi ko kaɗan. Ban da wannan, jitar tana gunji a amfilifaya, kuma ko an dafa tsirkiyoyi gunjin ba ya raguwa. Na sauke tsirkiyoyin, na ɗauke jakin, na kwance sukuru biyar da ke riƙe da farantin gindi, wanda jaki da miyut ke zaune a cikinsa, sai ga wata siririyar waya ta leƙo daga cikin katako, bakinta a tsinke, ba ta haɗe da komai. Tun kafin in kwance kuma na lura wutsiyar farantin ta ɗaga daga jikin katako, har katin banki yana shiga tsakaninsu.

Ba cire miyut ɗin nake son yi ba, so nake ya dawo yana aiki yadda aka ƙera shi. Wane irin soso zan sa, kaurinsa nawa, da wane gam? Yaya zan kwance notin nan ba tare da na yi ɓarna ba? Wayar daga ina ta tsinko? Ɗagawar wutsiyar tana da alaƙa da miyut ɗin ko matsala ce daban? Allah ya saka da alheri.

Mai Gyaran Jita:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, madalla da ka dakata a nan, domin abin da ya fi tsada a wannan aikin shi ne farantin, kuma wajen kokawa da notin da ya kafe ne aka fi lalata shi.

Farantin gindi na wancan zamanin zubin zinki ne da aka shafe da kurom. Zinki ba ya jure lanƙwasa, tsagewa yake yi. Notin kuma ba a jikin farantin zarensa yake ba: ratsa huda kawai yake yi, kansa ya zauna a sama, zaren yana cikin sandar da ke ƙasa. Saboda haka sandar za ka riƙe yayin murzawa. In ka riƙe faranti ka murza da ƙarfi, sandar za ta karkace ta tokare bangon ramin da take ciki, duk ƙarfinka ya tafi kan zinkin.

Kada ka ɗauka lallai tsatsa ce ta kama shi. Sau da yawa narkakken soson ne ya gangara cikin zaren ya bushe. Fara da man laita ko kananzir, ɗigo biyu ko uku ta sama da ta ƙasa, ka ba shi rabin awa, ka sake ɗigawa. In bai saki ba, ka zuba man sassauta tsatsa WD-40 ka bar shi ya kwana. Da safe ka naɗe kan notin da ƙyallen fata kafin filaya ta taɓa shi, don kada haƙoranta su cinye zanen da yatsa ke kamawa. Ka motsa shi gaba kaɗan, baya kaɗan, ba juyi guda na ƙarfi ba. Kowane motsi yana jawo mai cikin zaren. Notin ɓangaren G ka bar shi a ɗaure yayin wannan aikin, yana taimakawa wajen hana sandar juyawa.

In duk wannan bai yi ba, sai zafi. Goge man sosai tukuna, ka bar sauran ya bushe, domin yana kama wuta. Ka ɗora bakin ƙarfen soda a jikin sandar dab da hudar na kamar minti ɗaya, sannan ka sake gwadawa. Harshen wuta kada ya kusanci wurin. Irin zinkin da ake zubi da shi yana narkewa ƙasa da digiri 400, kuma tun kafin ya kai nan kurom ɗin zai kumbura.

Da sandar ta fito, kafin ka kankare komai, ka auna tsawo da faɗin sawun da tsohon soson ya bari a kanta ka rubuta. Shi ne awon sabon. Ka kankare danƙon da tsohon kati ko tsinken itace, ka wanke da man laita. Kai maganaɗisu kusa da ita: in ta kama kuma akwai tsatsa, sanfefa mai lamba 400 sannan 600 ta isa. Tsatsar da ta yi zurfi za ka iya jiƙa ta a ruwan khal na awa ɗaya ko biyu, ka ɗauraye, ka busar nan take. Sandar kaɗai nake nufi. Khal yana cin zinki, farantin kada ya shiga ciki. Shi ruwan sabulu da tsohon buroshin haƙori ya ishe shi. Danƙon da ya ɗiga a jikin jitar kuma da man laita a ƙyalle mai laushi za ka ɗauke shi, bayan ka gwada a wurin da farantin ke rufewa. Tina da asiton, sinadaran narkar da fenti, su yi nesa da jitar, suna narkar da farar robar da ta zagaye bakin jikinta.

Yanzu soso. Soson katifa shi ne abin da hannu ke fara kaiwa gare shi, kuma shi ne mafi muni: ƙofofinsa a buɗe suke, yana shan laima da gumi, zafi yana ruɓar da shi, ba da jimawa ba za ka koma inda kake yau. Robar silifa kuma ta yi tauri. Abin da ya dace shi ne niyofirin mai laushi, baƙin soson roba mai rufaffun ƙofofi da ake toshe bakin ƙofa da taga da shi, ko wanda ake ɗinka jakar kwamfuta da shi. Gwajinsa a kasuwa: ka danna da babban yatsa, ya nutse zuwa rabinsa ba tare da ka sa ƙarfi ba, ka saki ya dawo nan da nan. In ka sami soson canji na wannan samfurin a wajen dillalan kayan Rickenbacker, shi ma ka gwada shi da awon da zan faɗa kafin ka manna.

Kauri ba lamba ɗaya ba ce ga kowace jita, ya danganta da tsayin da ka saita jaki. Ka haɗa komai ba tare da soso ba, ka ɗaura tsirkiyoyi, ka saita su, ka daidaita tsayinsu yadda kake kaɗawa. Ka sauke sandar ƙasa, amma kowane noti ya kasance yana riƙe da zare aƙalla zagaye uku. Ka zura tsinken sakace daga sama har ya taɓa sandar, ka yi masa alama daidai cikin tsirkiya, ka auna. Ka yi wa duka huɗun haka. Daga abin da ka samu ka cire milimita 2. Wannan shi ne kaurin soson a ƙarƙashin kowace tsirkiya. Milimita biyun nan su ne ke hana tsirkiya gogar soso idan miyut yana ƙasa kuma ka daka da ƙarfi.

Za ka ga lambobin huɗu ba su zo ɗaya ba. A da D sun fi E da G tsayi domin suna bin kumburin allon firet, wato fuskar wuyan mai layukan ƙarfe inda ake danna tsirkiya. Soso mai miƙaƙƙen baya zai shaƙe E da G tun bai taɓa na tsakiya ba, kuma wannan shi ne dalilin da ya sa mutane da yawa ke cewa miyut ɗin Rickenbacker ba ya aiki. Ka naɗa sanfefa mai lamba 120 a guntun katako ka rage gefunan biyu a hankali har bayan soson ya yi tudu a tsakiya. Gefen G ka rage fiye da na E da kamar rabin milimita: siririyar tsirkiya taɓawa kaɗan ke kashe ta, mai kauri kuwa sai an danne ta.

Yanka da sabuwar reza da aka jiƙa da ruwan sabulu, a jikin rular ƙarfe, ja ɗaya. Ka bar ratar milimita 1 tsakanin soso da bangon ramin ta kowane gefe, in ba haka ba zai maƙale yayin sauka. Gwajin farko da tef mai manne fuska biyu za ka yi. Sai ka gamsu sannan ka sa gam irin na masu takalmi, Evo-Stik ko makamancinsa: shafi siriri a sanda, shafi siriri a soso, ka jira minti 10 zuwa 15 har ya daina bin yatsa, ka haɗa sau ɗaya. Ka toshe hudojin zare da tsinken ashana kafin shafin. Sufa gulu kada ka sa, yana shigewa cikin soso ya mayar da shi dutse. Tef ɗin kuma ba na zama ba ne, da zafin bazara ya zo zai zame.

Kaɗawar noti kuwa, ƙaramin zoben roba a ƙarƙashin kansa yana kashe ta.

Ɗan Rediyo:

Sannu da ƙoƙari, Maigida, bayanin ya cika. Wuri ɗaya ne zan roƙi a dakata, wato zoben robar nan, kuma dalilin yana haɗe da wayar da ɗan'uwanmu ya gani a tsinke.

Wayar at ce ta tsirkiyoyi, wato wadda ke haɗa su da ƙasan lantarki don kashe gunji. A 4001 ba a jikin farantin ake like ta ba, a ƙarƙashin sandar miyut ake like ta da dalma. Hanyar da take bi ke nan: daga ramin da maɓallan sauti suke zuwa sanda, daga sanda zuwa noti biyun, daga kan notin zuwa faranti, daga faranti zuwa jaki da gindin tsirkiyoyi, daga nan zuwa hannun mai kaɗawa. Shi ya sa gunji ke raguwa idan ka dafa tsirkiya a jita mai lafiya, shi ya sa kuma naka ba ya raguwa. To in aka sa roba ƙarƙashin kawunan noti biyun, an datse hanyar a daidai wurin da ƙarfe ke zama kan ƙarfe. Abin da zai rage shi ne jikin notin da ke ɗan gogar bakin huda, wani lokaci ya taɓa, wani lokaci ya saki. Sakamakon ya fi tsinkakkiyar waya ban haushi: gunji yana zuwa yana tafiya, ga ƙaras-ƙaras duk lokacin da aka murza miyut.

Mafita biyu ce. Ko dai a maye robar da ƙaramin sifirin na ƙarfe da za a zura a jikin notin tsakanin sanda da cikin faranti, ya riƙa tura sandar ƙasa, kan notin ya zauna daram kuma wuta na wucewa; sai dai a tabbatar sifirin bai yi tsawon da zai hana sandar kaiwa sama ba. Ko kuma a ƙara hanya ta biyu wadda ba ta dogara da noti ba: a like guntuwar waya da waccan, a buɗe bakinta kamar tsintsiya ko a like ta da siririn tef na tagulla, a shimfiɗa a kan katako inda farantin zai danne shi. Da an yi wannan, a sa zoben roba ko kada a sa, duk ɗaya ne. Ni na fi son ta biyun, domin ba ta taɓa komai na asali kuma ba a ganinta.

Wajen likin, ga abin da ke kawo cikas. Sandar tana shanye zafi, ƙaramin ƙarfen soda mai wat 25 ba zai iya da ita ba. Dalmar za ta dunƙule a sama kamar ta kama, da an ja sai ta ɓalle. Nemi mai wat 60. Ka goge wurin tsohon likin da sanfefa har ya yi ƙyalli, ka shafa man liki, ka narkar da dalma a kan sandar ita kaɗai har ta bazu ta kwanta, ka shafe bakin wayar da dalma daban, sannan ka haɗa su. Wannan duk kafin manna soso ne, in ba haka ba zafin zai narkar da shi tare da gam ɗin. Ka rufe jikin jitar da kwali da ƙyalle mai kauri, ɗigon dalma ɗaya yana huda fenti. Kada ka gwada like waya a jikin farantin kansa, dalmar rediyo ba ta kama kurom.

Tsohuwar wayar yawanci gajera ce, kuma shekarun hawa da sauka ne suka karya ta a bakin likin. In ka yanke bakin da ya yi baƙi ka ga ta gaza, kada ka ja ta da ƙarfi. Ka like sabuwar waya mai silli-silli a bakinta, ka buɗe murfin maɓallan, ka jawo tsohuwar ta can, ita za ta ja sabuwar ta cikin hudar. Ka bar rarar santimita 4 zuwa 5 a ƙarƙashin faranti, yadda sandar za ta hau ta sauka ba tare da jan likin ba, kuma gobe a iya ɗaga farantin a kwantar da shi gefe. Ka lura kada rarar ta shiga tsakanin faranti da katako yayin ɗaurewa.

Da ka gama, ka sa mitar auna lantarki a awon om. Baki ɗaya a farantin soka waya, ɗayan a kowace tsirkiya bi da bi. Ya kamata ka ga om ɗaya ko biyu, ko ƙasa da haka. Ka auna miyut yana ƙasa, ka auna yana sama, sannan ka girgiza notin da yatsa kana kallon mitar. In lambar tana tsalle, akwai sauran aiki.

Tsohon Makaɗin Bes:

Allah ya yi muku albarka, ku biyun. Yaro, ga abin da zan ƙara, domin za ka iya yin duk wannan daidai, ka ɗaga miyut, ka ji jitar ta fita daga saiti, ka zaci ka yi kuskure.

Miyut da ke tura tsirkiya daga ƙasa yana ɗaga sautinta. Tsawon tsirkiyar 4001 daga ƙarshen wuya na sama zuwa jaki inci 33 da kwata ne, kusan milimita 845. A ce soson yana taɓa ta milimita 20 a gaban jaki, kuma ya yi taurin da tsirkiyar za ta ɗauke shi a matsayin sabon jaki. Tsawon ya koma 825, sautin ya hau da kusan kashi 41 cikin 100 na firet ɗaya. A firet na 12, inda tsawon ya rage rabi, milimita 20 ɗin nan dai ita ce ake cirewa, hawan ya zama kusan kashi 84. Ka ga ke nan sake murɗa makullin saiti ba zai gyara ba: in ka daidaita buɗaɗɗiyar tsirkiya, na sama za su ci gaba da yin sama. Wannan lissafin na mafi munin hali ne. Soso mai laushi da ke shafar tsirkiya kawai ba ya kai ko kusa da haka, kuma saboda wannan ne aka ce maka ka guji roba mai tauri.

Yadda ake saitawa: ka haɗa mitar saita sauti, ka riƙa murza noti biyun tare, rabin zagaye wannan, rabin zagaye wancan, kana kaɗa A a buɗe. Da ka ji jan amon ya ragu zuwa kamar daƙiƙa ɗaya ko biyu, ka tsaya. Ka duba firet na 12. In allurar ta wuce kashi 10, ka sauke kwata zagaye, ko ka rage faɗin saman soson. Wannan na biyun mutane ba su cika sani ba: in ka goge kafaɗar soson ta ɓangaren fikof, ya zama yana taɓa tsirkiya ta ɓangaren da ya fi kusa da jaki, hawan sautin yana raguwa sosai kuma amon yana mutuwa yadda ake so. Wanda zai bar miyut a sama kullum, ya saita sirdin kowace tsirkiya, wato ɗan ƙarfen da take hawa a kan jaki, miyut yana sama. Wanda zai riƙa ɗagawa yana saukewa, ya saita yana ƙasa ya haƙura da ɗan bambancin.

Kada ka sa ran zai yi abin da soson jitar bes Fender Precision ke yi. Wancan a cikin murfin jaki aka manna shi, daga sama yake danna tsirkiya, kuma kullum yana nan. Shi ne sautin da makaɗin bes James Jamerson ya yi aiki da shi a kamfanin faifai na Motown. Jitar bes Music Man StingRay da ta fito a 1976 kowace tsirkiya da nata soson da nata notin, don haka ba ta da matsalar tudun tsakiya. Ta Rickenbacker sanda ɗaya ce ga huɗu, duk daidaiton yana cikin yadda ka sassaƙa soson. Kuma da tsirkiya mai sumul ya fi daɗi. Mai kaushi tana cin soso, tana kuma barin wani ƙaramin ƙara a sama wanda miyut ba ya kashewa.

Wutsiyar da ta ɗaga ba laifin miyut ba ce, amma tunda farantin yana hannunka, yanzu ne lokacinta. Abu biyu ke kawo ta: jan tsirkiyoyi na shekaru, da kuma sukuru ukun da ke ƙarƙashin jaki. A wurin nan cikin farantin yana shiga rami a katako, kuma sau da yawa bai kai ƙasan ramin ba. In aka ɗaure ukun nan da ƙarfi, tsakiya ta nutse, wutsiya ta tashi. Ka danna ɗan ƙullin laka ta yara ko sabulu mai laushi a ƙasan ramin, ka ɗora farantin ka danna, ka ɗaga ka auna kaurin da ya rage. Ka jera wasa, wato faffaɗan zoben ƙarfe mai huda, daidai wannan kaurin a kan kowace huda ukun, farantin ya sami abin zama. Ɗagawar da kati ɗaya ke shiga ba abin tashin hankali ba ce, wannan gyaran zai hana ta ƙaruwa. Kada ka sa shi a bais, wato ƙarfen matsa kaya na kan teburin aiki, don ka miƙe shi.

Hudar sukuru da ta gaji, tsinken sakace biyu da gam na kafinta, a bar shi ya kwana. Ka goga kyandir a zaren sukurun, ka juya shi baya har ka ji ya faɗa tsohon sawunsa, sannan ka ɗaure da hannu. Jakin kuma nauyin tsirkiya kaɗai ke riƙe da shi, ƙafafunsa biyu suna zama a 'yan ramukansu. Ka tabbatar ka mayar da shi fuskar da ya fito, sirdi mai faffaɗan tsagi a ɓangaren E.

Abu na ƙarshe, kuma ina roƙonka da shi. In ka mayar da tsirkiyoyi ka ga wuyan ya ɗan canja, ka ba shi kwana biyu. Kada ka kama notin sandunan ƙarfen da ke cikin wuya ka murza kamar na Fender. A tsohuwar 4001 da hannu ake fara kai wuyan inda ake so, sannan a ɗaure noti ya riƙe shi a nan. Wanda ya sa noti ya yi aikin lanƙwasawa, allon firet yana iya ɓallewa daga wuyan a wajen firet na farko.

Mai Tsirkiya Huɗu:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Baba, na ji gargaɗin wuya, ba zan taɓa ba. Notin ya saki bayan ya kwana da mai, danƙo ne kuwa ya riƙe shi. Amma zagaye biyu na ƙarshen zarensa sun tauye, yana shiga sandar da ƙyar. Mai kayan noti ya ba ni wani na milimita da ya yi kama da shi, ya ce in sa zai buɗe wa kansa hanya. Niyofirin kuma na sami mai kaurin milimita 6 da mai 10, awona ya ba ni 8 a gefe, 9 da ɗoriya a tsakiya. Wanne zan ɗauka?

Mai Gyaran Jita:

Notin milimitar nan ka mayar masa da abinsa. Jitar a Santa Ana ta Kalifoniya aka ƙera ta, zarenta na inci ne. Na milimita zai shiga zagaye ɗaya ko biyu ya yaudare ka, daga nan ya fara yanka sabon zare a kan tsohon, kuma sandar siririya ce, zaren da ke cikinta bai da yawan da za a yi asararsa. Haka alankin da za ka saita tsayin jaki da shi, wato ɗan makulli mai kusurwa shida, na inci ka nema. Na milimita yana cinye ramin notin.

Naka yana gyaruwa, tunda baki ne kawai ya tauye. Ka fara gwada notin ɓangaren G, mai lafiyar, a hudar ɓangaren E. In ya shiga sumul, sandar lafiya take, laifin na notin ne kaɗai. Ka ɗauki ƙaramar zarto ta goge ƙarfe mai kusurwa uku, irin ta masu gyaran agogo, ka bi kwarin zaren a hankali kana ɗauke abin da ya kwanta, sannan ka ɗan zagaye bakin ya yi tsini kaɗan. In tauyewar ta yi yawa, ka goge zagaye biyun gaba ɗaya. Abin da za ka rasa bai wuce milimita biyu na saukar sandar ba, sai dai ka sake awon soson bayan haka, domin ƙasan da sandar ke kaiwa ya canja. Ka wanke da man laita, ka sa ɗigo ɗaya na man keken ɗinki a zaren, ka goge rarar. Giris kada ka sa, yana tara ƙurar hunturu, mai kuma in ya kai ga soso yana sa gam ya saki.

Malam Ɗan Rediyo ya yi gaskiya a kan zoben roba, ka bi shawararsa ta tef ɗin tagulla kafin ka sa shi.

Soso ka ɗauki mai 10 ka sassaƙe shi. Mai 6 zai sa ka ɗaga sandar har ƙarshen tafiyarta kafin ya kai tsirkiya, in kuma ka manna biyu a kan juna, layin gam ɗin da ke tsakani yana ƙara tauri. Gefen da masana'anta suka bari da fata mai sumul shi za ka manna a sanda, sassaƙar ta kasance a sama. Ka yanka guda uku tun farko daga abin da ka saya: na farko na koyon sassaƙa ne, na biyu shi zai zauna, na uku ka sa a leda tare da ragowar tsohon soson da guntun tsohuwar wayar, ka ajiye a akwatin jitar, don mai sayen tsohuwar jita yana son ganin abin da aka cire. Bayan mannawa ka bar sandar ta kwana a waje kafin ka mayar da ita, tururin gam ɗin ya gama fita nesa da fenti. Awon mitar kuma ka yi shi tun da tsirkiya ɗaya a ɗaure, kafin ka ɗaura sauran ukun.